Asusu ɗaya, mayaƙa biyu: Wasan Gundam da ya ƙi mutuwa yayin da gidajen gem ke rufewa a Japan

A shekarar 1986 ƙasar Japan na da gidajen gem masu lasisi sama da 26,000, kamar yadda alƙaluman hukumar 'yan sandan ƙasar suka nuna. Zuwa 2019 adadin ya dawo kusan 4,000. Wannan kuwa tun kafin annobar korona ta zo ta ƙara rufe wasu ne.

Waɗanda suka rage ma sun sauya kama. Wanda ya shiga ɗaya daga cikinsu a unguwar Akihabara ko Ikebukuro da ke birnin Tokyo, abin da zai fara cin karo da shi shi ne akwatunan gilashi masu ƙugiya, waɗanda ake saka kuɗi a gwada sa'ar ɗauko 'yar tsana. Sai ya hau sama, ko ya gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kafin ya tarar da wasannin fafatawa da suka yi wa waɗannan gidaje suna a da.

A can ne akan samu jerin kujeru da alluna inda hayaniya ta fi yawa. Wasan da ke kan allunan na jerin Gundam Versus ne, inda mutum biyu ke karawa da mutum biyu, kowa na tuƙa katafaren mutum-mutumin yaƙi. Na farkonsa ya fito a 2001, kuma a 2025 kamfanin Bandai Namco ya sake fitar da wani sabo mai suna Extreme Vs. 2 Infinite Boost.

A tsakanin waɗannan shekaru an yi wasannin da suka fi shi tsada, suka fi shi ƙayatarwa, suka fi shi yawan 'yan wasa a fage guda. An kashe su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya riƙe wannan kuwa wata ƙa'ida ce ƙarama: kai da abokinka asusun rai ɗaya kuke ci.

Daga talabijin zuwa gidan gem

Japanawa na kiran irin wannan mutum-mutumi da suna meka. Ba shi da tunanin kansa. Mutum ne ke shiga cikinsa ya tuƙa shi, kamar yadda ake tuƙa tankar yaƙi ko jirgin sama.

Katun ɗin Mazinger Z na Go Nagai, wanda ya fito a 1972, shi ya yaɗa wannan salo na matuƙi a cikin mutum-mutumi. Waɗanda suka taso da kallon Voltron a tashar NTA sun san irinsa, domin shi ma daga wani katun na Japan mai suna GoLion aka juyo shi.

A watan Afrilun 1979 aka fara haska Mobile Suit Gundam, wanda Yoshiyuki Tomino ya ba da umarni a ɗakin shirya katun na Sunrise. Tomino ya bar labarin jarumi da dodo, ya kawo labarin yaƙi tsakanin gwamnatin tarayyar duniya da ƙasar Zeon ta mazauna sararin samaniya. A labarinsa meka kayan soja ne da ake ƙerawa a masana'anta. Akwai mai araha da ake fitarwa da yawa, akwai kuma mai tsada da ba a ba kowa sai gwani.

Shirin bai samu 'yan kallo yadda aka so ba da farko, har aka taƙaita shi ya tsaya a kashi na 43. Abin da ya farfaɗo da shi shi ne maimaita haskawa, da finafinan da aka haɗa daga cikinsa a 1981 da 1982, da kuma ƙananan kwaikwayon mekan na roba da kamfanin Bandai ya fara sayarwa a 1980, waɗanda ake kira Gunpla. An sayar da sama da miliyan 700 daga cikinsu zuwa yanzu.

Wancan bambanci tsakanin mai araha da mai tsada, wanda Tomino ya sa domin labari, shi ne daga baya ya zama ginshiƙin wasan.

Yadda faɗa ya koma na mutum huɗu

Bayan fitowar Street Fighter II na kamfanin Capcom a 1991, gidajen gem na Japan sun cika da wasannin faɗa na mutum ɗaya da mutum ɗaya. Wanda ya ci ya ci gaba da zama, wanda aka doke ya tashi ko ya sake saka kuɗi.

A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Sega ya kawo meka cikin wannan tsari da wasan Virtual-On, wanda ake sarrafawa da sanduna biyu, ɗaya a kowane hannu. Ya ba da damar zagaye fili da tsalle da harbi daga nesa, sai dai galibin karawar ta mutum ɗaya da ɗaya ce.

A 2001 ne Capcom ya ƙera Mobile Suit Gundam: Federation vs. Zeon. Ana haɗa na'urori huɗu, mutum biyu su tsaya wa ɓangaren tarayya, biyu su tsaya wa Zeon. Ba a sa sanduna biyu ba. Sanda ɗaya ce da maɓallai huɗu: na harbi, na sara, na tashi sama, da na sauya abokin gabar da ake hari. Wannan tsari na hannu bai sauya sosai ba har yau, shi ya sa wanda ya bar wasan shekara goma zai iya dawowa ya zauna hannunsa ya tuna.

Sabbin fitowa suka riƙa biyo baya duk bayan 'yan shekaru. A 2008 Gundam vs. Gundam ya rushe katangar ɓangarori, ya bar ɗan wasa ya ɗauki meka daga kowane shiri na Gundam ya haɗa da na abokinsa. A 2010 aka fara jerin Extreme Vs. a hannun Bandai Namco, kamfanin da aka samar bayan haɗewar Bandai da Namco a 2005. Sai Full Boost a 2012, Maxi Boost a 2014, Maxi Boost ON a 2016, sannan Extreme Vs. 2 a 2018.

Lissafin maki 6,000

Ga yadda asusun yake aiki. Kowace ƙungiya ta mutum biyu tana fara karawa da maki 6,000. Kowane meka kuma yana da farashi: 3,000 ko 2,500 ko 2,000 ko 1,500. Mai tsada ya fi ƙarfin makami, ya fi kaurin sulke, ya fi daɗewa a sama.

Idan aka tarwatsa mekanka za ka dawo fili, amma za a cire farashinsa daga asusun ku biyu. Ƙungiyar da asusunta ya fara ƙarewa ita aka ci.

Ke nan mai meka na 3,000 idan ya faɗi sau biyu wasa ya ƙare, ko da abokinsa ko ƙwarzane bai samu ba. Idan kuma dukansu biyu suka ɗauki na 3,000, faɗuwa biyu kacal suke da ita a tsakaninsu.

Akwai wata ƙa'idar da ta ƙara ɗaure lamarin. Idan abin da ya rage a asusu bai kai farashin mekan da zai dawo ba, to zai dawo ne da sulke daidai gwargwadon abin da ya rage.

A ɗauki misalin abokai biyu, ɗaya da na 3,000, ɗaya da na 2,500. Idan babban ne ya fara faɗuwa, saura 3,000 a asusu, don haka zai dawo da cikakken sulke. Idan ƙaramin ya biyo baya, saura 500, zai dawo da kashi ɗaya cikin biyar na sulkensa. A wannan tsari makamin da ya fi ƙarfi ya samu cikakken rai har sau biyu.

Idan aka juya, ƙaramin ya riga faɗuwa, saura 3,500. Da babban ya faɗi saura 500, sai ya dawo da kashi ɗaya cikin shida na sulkensa, wanda harbi ɗaya ko biyu zai gama da shi. Makin da aka kashe iri ɗaya ne, amma ƙungiyar ta yi asarar kusan rai guda na mekanta mafi ƙarfi.

Daga wannan lissafi ne 'yan wasa suka fitar da al'adar da kowa ke bi ba tare da an rubuta ta ba. Mai tsada shi ke shiga gaba, ya ja hankalin abokan gaba, ya yarda ya fara faɗuwa. Mai araha ya tsaya a baya, yana harbi yana tsare kansa, domin babban laifinsa shi ne ya riga na gaba mutuwa.

Da na gaba ya faɗi sau ɗaya kuma sai al'amari ya juya. Yanzu shi ne ba shi da damar sake faɗuwa. Na baya da ya tanadi sulkensa shi zai matso ya ɗauki duka. Idan kuwa ya riga ya ɓarnatar da sulken tun da wuri, to babu mai kare kowa.

Saboda haka gwanin wannan wasa ba sulkensa kaɗai yake kallo ba. Akwai maɓalli na biyar da ake aika gajeren saƙo da shi, wanda ke nuna wa aboki halin da sulkenka yake ciki. Wanda bai damu da taɓa wannan maɓalli ba, tun kafin a yi nisa ake gane cewa sabon shiga ne.

Haɗarin yana wurin sauka

Mai kallo daga baya zai ga kamar ruɗani ne kawai: haske na gilmawa, meka huɗu na shawagi, ana ta fashe-fashe. Amma abin da ƙwararru ke jira ɗaya ne, lokacin da abokin gaba zai sa ƙafa a ƙasa.

Kowane meka na da ma'aunin ƙarfin tashi. Gudu da tsalle da kauce wa harbi duk daga cikinsa suke ci, kuma ba ya cika sai an sauka. A daidai lokacin saukar, meka kan tsaya cak na ɗan ƙiftawar ido ba ya iya motsi. Wanda ya sauka da sauran ƙarfi tsayuwarsa gajera ce. Wanda ya ƙarar da shi tas, tsayuwarsa ta fi tsawo, kuma a nan ake samun sa.

Harbi yana bin wanda aka saita idan yana kusa, amma takun gefe da sauri yana yanke wannan bi. To amma takun ma daga ma'aunin yake ci. Ke nan duk harbin da ka tilasta wa mutum ya kauce masa, ka rage masa abin da zai sauka da shi.

A nan amfanin mutum na biyu yake fitowa. Allon kowane ɗan wasa yana maƙale ne da abokin gaba guda. Ɗayan sau da yawa ba ya cikin allon, sai dai alamar gargaɗi a gefe da ƙaramar taswira. Idan abokai biyu suka tsaya ta fuskoki daban-daban, wanda ke kauce wa harbin gaba yana iya faɗawa cikin harbin gefe. Ɗaya ya kora, ɗaya ya tare.

Haka ma sara da takobi. Yana cin sulke sosai, amma mai saran yakan daɗe a wuri guda yana kai bugu. Idan abokin wanda ake sara yana kusa, harbi ɗaya ya isa ya katse shi. Don haka kafin mutum ya zare takobi sai ya tabbatar abokinsa ya shagaltar da ɗayan.

Sakamakon duk wannan shi ne, matsakaitan 'yan wasa biyu da suka saba da juna suna iya doke gwanaye biyu da kowa ke yin nasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan an rubuta hakan cikin ƙa'idar wasa, an sa masa lamba.

Abin da ya sa ake kiran wurin gidan zu

Ƙa'idar da ke haɗa zumunci ita ce kuma ke haddasa rigima. A wasan mutum ɗaya da ɗaya, wanda aka doke ba shi da wanda zai ɗora wa laifi sai kansa. A nan kuwa kuskuren wani yana iya cinye maka kuɗinka cikin mintuna kaɗan, kuma a zamanin da ake haɗa na'urori huɗu a ɗaki guda, mai kuskuren yana zaune ne a gefenka.

Ihun murna da na takaici da dukan na'ura sun yi yawa har Japanawa suka laƙaba wa kusurwar Gundam a gidajen gem suna dobutsuen, wato gidan zu. Sunan ya bi wasan shekara da shekaru, kuma su kansu 'yan wasan suna amfani da shi wajen yi wa kansu ba'a. A ƙasar da ake ganin ɗaga murya a bainar jama'a rashin ɗa'a ne, wannan ba ƙaramin tambari ba ne. Yana korar wasu sababbi da ke sha'awar gwadawa.

Akwai hanyoyi biyu na shiga karawa. Ko dai ka zo da abokinka ku tsaya tare, ko ka shiga kai kaɗai na'ura ta haɗa ka da wanda ta ga dama, ta sauya maka wani a karawa ta gaba. Hanya ta biyu ta fi sauƙin shiga, ita ce kuma ta fi yawan ƙorafi, domin mutum na iya ɗaukar meka mai tsada ya tarar abokin da aka ba shi shi ma mai tsadar ya ɗauka.

Hanya ta farko ita ce gatan masu gidajen gem. Wanda ke da abokin wasa ba ya zuwa shi kaɗai, kuma ba ya saurin dainawa, domin idan ya daina ya bar wani a rataye. Gasar ƙasa da kamfanin ke shiryawa, mai suna Premium Dogfight, ta ƙungiyoyin mutum biyu ce. Duk kujerar da aka cika tana jawo ta kusa da ita.

Manyan da suka riga shi faɗuwa

Ba Gundam Versus kaɗai ya gwada yaƙin meka na ƙungiya ba. Tun a 1990 aka buɗe cibiyar BattleTech a birnin Chicago na Amurka, inda 'yan wasa ke shiga akwatuna masu kama da mazaunin matuƙi su yaƙi juna. A Japan kuwa an kai abin wani mataki.

A 2006 aka fito da Senjo no Kizuna, shi ma na Gundam. Ɗan wasa kan shiga wani ƙoƙo mai girman ƙaramin ɗaki ya rufe ƙofa, allo mai lanƙwasa ya kewaye shi, ga sanduna biyu a hannu, ga fedoji biyu a ƙafa, ga abin magana da abokan yaƙi a kunne. Ana karawa daga huɗu da huɗu har zuwa takwas da takwas ta intanet. Da farko kuɗin shiga Yen 500 ne, ninki biyar na wasan da aka saba. Ya yi shekara 15 kafin a rufe shi a 2021.

Sega ya fitar da Border Break a 2009, inda mutum goma ke karawa da goma, kowane ɓangare na neman farfasa cibiyar sansanin ɗaya. An daina shi a gidajen gem a watan Satumban 2019. Wanda aka yi wa PlayStation 4 ma an rufe shi a 2023.

Starwing Paradox na Square Enix ya zo a 2018 da kujera mai motsi tana karkata da ɗan wasa, takwas da takwas. Bai wuce shekara uku ba aka kashe shi a 2021.

Waɗannan wasanni suna da masoya na gaske, amma nauyinsu iri ɗaya ne. Na'urorin wasu daga cikinsu na da tsada da cin wuri, a garuruwan da kuɗin haya ke da zafi. Sannan karawa ɗaya na buƙatar mutum 16 ko 20 a lokaci guda, masu ƙwarewa kusan ɗaya. Da 'yan wasa suka fara raguwa sai jira ya yi tsawo, a riƙa haɗa sabo da tsohon hannu, sabon ya sha kashi ya tafi, adadin ya ƙara raguwa.

Gundam Versus mutum huɗu kawai yake nema. Na'urarsa kujera ce da allo da sanda. Kuma a ƙungiyar mutum biyu babu inda mutum zai ɓuya. A cikin goma ana iya ci ko a sha kashi ba tare da ka san rawar da ka taka ba. A cikin biyu kuwa rabin nasarar taka ce, rabin laifin ma naka ne, kuma wannan ne ke sa a ce bari a ƙara saka kwandala ɗaya.

Kwandalar da ta ƙi motsi

Matsalar ita ce kwandalar kanta. Tun zamanin Space Invaders na kamfanin Taito a 1978, kuɗin wasa ɗaya a Japan Yen 100 ne, kwandala guda. Fiye da shekara 40 ke nan, kuma a yawancin gidaje haka yake har yanzu.

Kuɗin da mai gidan ke kashewa kuwa bai tsaya ba. Harajin sayayya ya tashi daga kashi 5 cikin 100 zuwa 8 a 2014, ya koma 10 a 2019. Mai shago zai iya ƙara Yen uku a kan kayansa, amma ramin kwandala ba ya karɓar Yen 103. Kwandalar da ke sama da ta 100 kuma ta 500 ce. Don haka harajin daga ribar mai gida ake cire shi. Ga kuɗin lantarki, ga kuma kason da kamfanonin da suka ƙera wasannin intanet ke karɓa a kan kowane wasa da aka buga.

Doka ma ta taƙaita kasuwar. Gidajen gem na ƙarƙashin dokar da ke kula da wuraren nishaɗin dare, wadda ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 zama bayan ƙarfe goma na dare, ta kuma ƙayyade lokacin rufewa.

Sai korona ta zo a 2020. Sega, wanda sunansa ke manne a dogayen gine-ginen Akihabara, ya rufe ɗaya daga cikinsu a watan Agustan shekarar. Kafin ƙarshenta ya sayar wa kamfanin Genda kusan kashi 85 cikin 100 na sashensa mai gudanar da gidajen gem, ya ƙarasa sayar da sauran a farkon 2022. Aka sauke allunan Sega aka ɗora na GiGO.

A irin wannan yanayi kowane taku na daɓen gidan gem sai ya biya kuɗin kansa. Akwatin ƙugiya yana jawo iyalai da masoya da 'yan yawon buɗe ido, kuma wasa ɗaya ba ya ɗaukar minti guda. Kujerar Gundam kuwa gwani na iya zama a kanta yana ta ci da kwandala ɗaya. Wannan ne ya sa ƙugiya ta mamaye bakin ƙofa, meka ya koma sama ko ƙarƙashin ƙasa.

Intanet ta ceta, ta kuma ɗaure

Maxi Boost ON na 2016 shi ne ya fara haɗa gidajen gem na faɗin ƙasar ta intanet a wannan jeri. Kafin nan, wanda ke ƙaramin gari sai ya jira mutum uku sun zo, ko ya buga da kwamfuta. Bayan nan yana iya zama shi kaɗai da rana tsaka ya samu abokin yaƙi daga Osaka da abokan gaba daga Sapporo. Katin da ɗan wasa ke ɗorawa a kan na'ura yana ajiye tarihin nasarorinsa da matsayinsa, domin a haɗa shi da tsararsa.

Wannan ya tsawaita ran wasan a wuraren da jama'a suka ragu. Sai dai ya rage dalilin sanin wanda ke zaune kusa da kai, tunda ba lallai ne da shi kake wasa ba. Ya kuma mayar da na'urar abin da ba ta da cikakken amfani sai da izinin babbar kwamfutar kamfani.

Tsohuwar na'urar Street Fighter II ta 1991, idan aka samu mai gyara, za ta tashi yau ta yi wasa kamar jiya. Na'urar Border Break ko ta Starwing Paradox kuwa, ranar da kamfani ya kashe babbar kwamfutarsa, yaƙin goma da goma ko takwas da takwas ya tafi ke nan. Wanda ya shekara goma yana koyon wasan ba shi da inda zai je ya nuna abin da ya iya.

Bandai Namco ya buɗe ƙofa kaɗan ga na waje. Ya fitar da Gundam Versus a PlayStation 4 a 2017, sannan a watan Yulin 2020 ya fitar da Maxi Boost ON a kan na'urar, da meka sama da 180, aka kuma sayar da shi a wajen Japan da Turanci. Ta wannan hanya ce mafi yawan waɗanda ba su taɓa taka gidan gem na Japan ba suka ɗanɗani lissafin maki 6,000.

Amma wancan wasan na 2016 ne aka kawo gida bayan shekara huɗu. Jerin Extreme Vs. 2, daga na 2018 zuwa Cross Boost na 2021 da Over Boost na 2023 har zuwa fitowar Infinite Boost a 2025, a gidan gem kaɗai aka ajiye shi. Mai son sabon sai ya fito daga gida ya je ya zauna a kujera.

Hakan na nufin wasan da gidajen sun shiga irin yarjejeniyar da ke kan allon. Masu gidajen na buƙatar wasan da zai sa matasa su hau bene bibbiyu su wuce akwatunan ƙugiya. Kamfanin kuma na buƙatar gidajen su ci gaba da biyan haya da lantarki daga kwandalar Yen 100, domin babu wani wurin da ake buga sabon wasan nasa. Asusunsu ɗaya ne, kuma duk gidan gem da aka rufe daga cikinsa ake cirewa.